Rakiyar da Na Yi wa Farfesa da Turancin Saje

Ko tsufa zai kwashe min komai, rana ɗaya dai ba zan taɓa mantawa da ita ba, ita ce ranar sunan jikata a Greensboro. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni, sannan haushi ya biyo baya. Kuma tun yanzu in faɗa muku, laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ina da kasona, na yarda, amma akwai waɗanda nasu ya fi nawa, kuma har gobe ba wanda ya sa su ba da haƙuri.

Shekarar da sojoji suka canza kuɗi aka aiko min da tikiti. 'Yata Hadiza tana Amurka da mijinta, cikinta ya tsufa, kuma ba halin ta zo gida wanka. To tunda ba za ta zo ba, ai ni zan je. Na ɗaure kanwa da daddawa da yajin jego da gero, na hau jirgi. (Jirgi ba baƙona ba ne, sau biyu ina zuwa Makka kafin nan, kada wani ya ɗauka ƙauyanci ne ya ja min.) Boko kam ban yi ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. A unguwarmu a Funtuwa in za a kai amarya ni ake sawa gaba in yi wa dangin miji magana, in an ɓata tsakanin gidaje ni ake aikawa. Bakina bai taɓa ba ni kunya ba sai da na kai shi ƙasar wasu.

Gidan nasu ɗaki biyu ne a sama, cikin wani jerin benaye a bayan titin High Point. Ba tsakar gida, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga, sai ƙarar motoci. Surukina yana karatu a jami'a, wai karatun fim. Na sa Hadiza ta maimaita min sau biyu, don ban san ana barin Najeriya a je koyon kallo ba. Ta ce ba kallo ba ne, littafi yake rubutawa a kan finafinan Turawan Ingila, kuma ya gama, saura Farfesansa ya sa hannu. In ya sa kafin a rufe makaranta, to da an yi arba'in za mu tattara mu koma gida a jirgi ɗaya, ni da ita da mijinta da jaririn. Da wannan alkawari na baro Funtuwa, har na riga na gaya wa kowa a unguwa watan da za a gan mu.

Ni da surukina kuwa gaisuwa ce kawai. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, in kau da kai in amsa, shi ke nan. Haka na ga an yi, haka na yi. Ku riƙe wannan, don da ina iya buɗe baki in tambaye shi abu, da duk ba a kai ga abin da aka kai ba.

Kaset-kaset na bidiyo ne jere a falo har kusa da taga. Da safe ya fita makaranta, Hadiza ta kwanta da nauyin ciki, ni kuma in zauna ina kallon bango. Rana ta huɗu na ce ta nuna min yadda ake cusa abin. Cikin mako guda na iya kunnawa, na iya tsayarwa, na iya mayar da shi baya.

Finafinan duk kusan kansu ɗaya. Za a nuna gari ya lalace. Samari masu gashi buya-buya suna fasa kantuna, suna ƙwace jakar tsofaffi. Ma'aikata sun ƙi aiki, sun fito titi da kwalaye suna ihu, shara ta taru har bakin ƙofofi. 'Yan sanda su kama ɓarawo da safe, alƙali mai farar hular gashi ya sake shi da rana. Sai wani mutum ɗaya ya gaji, ya ɗauko bindiga ya gyara garin da hannunsa. Ni ko kalma ɗaya ba na ji, amma ai labari ne, kuma labari sana'ata ce. Da yamma sai in zauna in bai wa Hadiza abin da na gani tiryan-tiryan, ita kuma tana gyangyaɗi tana cewa, "Haka ne, Inna."

Akwai ɗaya da ya shiga raina. Wani tsohon soja ne, na sa masa suna Saje. Gashin bakinsa a gyare, rigarsa a goge, hoton Sarauniyarsu a bangon falonsa, lambobin yaƙi a cikin ƙaramin akwati. Matarsa ta rasu, shi yake share ƙofar gidansa. Na ce wannan shi ne dattijo. Ranar da ya ɓalle katakon ɗakinsa ya zaro bindiga, wallahi tafi na yi. Da yamma in surukina ya dawo yakan sa wannan kaset ɗin, ya zauna da biro da takarda yana ta tsaki. Ni ina daga kicin ina jin sa, ina cewa a raina, Allah sarki, yaron nan ma 'yan iskan sun ba shi haushi kamar yadda suka ba ni.

A ƙarshen fim ɗin, bayan an gama harbe-harbe, akwai wasu maƙwabtan Saje, baƙaƙe kamar mu, miji da mata da 'ya'ya. Aka nuna suna ɗora akwatuna a kan mota. Saje ya fito ya tsaya a ƙofar gidansa, hannu ɗaya a baya, ɗaya riƙe da sanda. Ya ɗaga sandar ya nuna hanya, ya yi musu wata magana a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Matar ta fashe da kuka. Kiɗa ya tashi, tuta tana kaɗawa. Ni ma sai da na share ƙwalla. Na ce ka ga maƙwabtaka, ga mutum ya fito rakiya, ga kukan rabuwa.

Na mayar da wurin baya ya fi a ƙirga, har maganar ta zauna min a baki: go bak hom, weya yu bilon. Na je na tashi Hadiza na ce mece ce hom. Ta ce gida. Go bak fa? Ta ce koma. Ta ja bargo ta juya. Sauran ban tambaya ba, don me zan tambaya? Ku koma gida, ai abin da ya biyo baya lafiya ne. Ku koma gida lafiya, ku gaida gida. Na ce ashe Bature ma ya san sallama, bakinsa ne kawai ya karkace. (Yarinyar da uwarta ta zo ta tambaye ta irin waɗannan kalmomi a jere, ba ta tashi zaune ta ce a ina kika ji su ba, ita ma ku rubuta mata kasonta.)

Hadiza ta haihu lafiya, mace. Na shiga aikin wanka, ba itace ba garwa, sai manyan tukwane a kan murhun lantarki ina juyewa a bahon banɗaki. Aka sa ranar suna. Surukina ya aiko Hadiza ta gaya min cewa Farfesa da matarsa za su zo, kuma a mako mai zuwa ne zai sa hannu, don haka a karrama shi. Na ce a gaya masa karrama baƙo ba a jami'a ake koyar da shi ba.

Hausawan garin suka cika gidan, 'yan makaranta da matansu, da wasu daga Nijar, da wata Anti Zinatu 'yar Kumasi mai aikin asibiti. Ita ce ta hura min wuta. Duk wanda ya shigo sai ta nuna ni ta ce, "Mama ba ta jin Ingilishi ko kaɗan, sai dai ku yi mata da hannu." Tana faɗa tana dariya, kamar wata kurma aka ajiye a kujera. Sau uku ina ƙirgawa. Na ce a raina za ki gani.

Farfesa ya zo bayan azahar. Na zaci Bature zan gani, sai ga baƙin mutum dogo mai furfura da tabarau, matarsa ma baƙa, 'yar gajeruwa mai fara'a. Aka ce min iyayensu daga wani tsibiri suke, amma a Ingila suka girma kafin su dawo Amurka. Mutanen kirki. Suka cire takalma ba wanda ya ce su cire. Ya ci waina biyar da miyar taushe, ina kallo, ina ƙirgawa. Matar ta karɓi jaririyar ta rungume ta kamar tata. Na ɗaure musu naman suna da dubulan a kwano.

Da la'asar suka tashi tafiya. Surukina ya miƙe zai raka su, wasu maza suka bi shi. Na gyara lulluɓi na bi bayansu. Hadiza ta ce, "Inna, ina za ki?" Na ce rakiya. Matakalar benen tana da santsi, sai na ɗauki doguwar laimar da ke bayan ƙofa na dogara. Anti Zinatu da sauran mata suka fito baranda suna kallo, daidai yadda nake so.

Muka isa inda aka ajiye motoci. Farfesa ya buɗe wa matarsa ƙofa, ya juyo ya ɗan rusuna min. Ni kuwa na tsaya cak, na mayar da hannu ɗaya baya, na ɗaga laimar na nuna titi, na daidaita murya kamar ta Saje, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Go bak hom. Weya yu bilon."

Ba wanda ya motsa. Murmushin matar yana nan a fuskarta, amma kamar an manta shi a wurin. Na ɗauka ƙarar motoci ce ta hana su ji. Saboda haka na ƙara matsowa, na ɗaga murya yadda har na baranda za su ji, na maimaita. Na kuma ƙara da nuna su da laimar, shi da ita, don kada ɗaya ya ga an bar shi.

Farfesa ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi surukina. Matar ta ɗora kwanon naman a kan rufin motar da ke kusa, a hankali, ta shiga tasu ta ja ƙofa. Wata baƙar Ba'amurkiya da ke sauke kaya daga motarta ta ajiye leda ta kama ƙugu. Surukina ya bi motar yana magana da sauri-sauri, hannayensa biyu a sama, har suka hau titi. Na juyo na dubi baranda ina jiran a yaba, sai na ga Anti Zinatu ta toshe baki da gyale, kuma ba dariya take yi ba.

A ɗaki Hadiza ta fassara min sauran, tana kuka. Ba lafiya ba ce. Ku koma inda kuka fito, nan ba wurinku ba ne. Ta ce ita ce maganar da ake jifan baƙaƙe da Indiyawa da ita a titunan Ingila, ita ake rubuta musu a ƙofar gida. Ta ce Saje ba rakiya ya fito ba, shi ya kore su daga unguwar, kuma fim ɗin yaba masa yake yi. Ta ce tsakin da mijinta yake yi, Saje yake yi wa. Littafin nasa gaba ɗaya a kan wannan ne, yadda ake shirya fim a nuna gari ya lalace, a ɗora wa baƙi da talakawa masu yajin aiki laifi, sannan a kawo mai bindiga a ce shi ne magani. Kuma duk garin nan Farfesa ya san gida ɗaya ne ake kallon wannan kaset.

Na zauna a bakin gado, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga nan sai raina ya ɓaci. Wata guda ina tafa wa mutum, ina ba da labarinsa da yamma, ina sa masa albarka, a gidan da mutum biyu suka san ko shi waye, ba wanda ya ce Inna tsaya. Su kuma masu fim ɗin, wace irin mugunta ce a ɗauki kora a sa mata kiɗa mai daɗi da tuta? Da sun sa shi ya zare ido ya yi kumfar baki, ai da na gane. Sai suka wanke shi tas suka goge masa riga, suka ba shi muryar liman.

Kwana biyar Farfesa bai ɗauki waya ba. Surukina ya je ofis, aka ce masa ba ya ganin kowa. Ranar sa hannu ta zo ta wuce. Gidan ya yi tsit, ko talabijin ba a kunnawa. Surukina yana gaishe ni kamar kullum, bai canza fuska ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Rana ta shida na ce wa Hadiza ta gaya masa ya kai ni. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ta ce to wa zai yi min tafinta, tunda ita mai jego ce ba za ta fita ba? Muka dubi juna. Haka na shiga mota ni da surukina mu biyu, ina kujerar baya na juya fuska ga taga, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba.

Farfesa ya karɓe mu a tsaye. Na ba da haƙuri irin na gida, dogo, mai asali, na kawo sallamarmu na bayyana masa, na ce a wurinmu baƙon da ba a ce ya gaida gida ba to ba a ji daɗin zuwansa ba. Surukina yana juya masa da Turanci, kansa a ƙasa. Farfesa ya saurara, ya ba ni kujera, sannan ya ce yana so in ba shi labarin fim ɗin daga farko, yadda ni na gan shi.

Nan ma da na san kaina da na taƙaita. Amma an ce in ba da labari. Na gyara zama na fara, na kawo lalacewar gari, na kawo sharar da ta taru, na kawo alƙali, na kwaikwayi tafiyar Saje. Na manta abin da ya kawo ni. Ina cikin bayanin yadda ya tare 'yan iskan a lungu, sai Farfesa ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Surukina ya juya min da Hausa.

"Hajiya, wai ya ce 'yan iskan nan, da wa suka yi kama?"

Na gan su sarai, kullum ina ganin su, ban dai lura ba. Da wa suka yi kama? Da Farfesa. Da surukina. Akwai ɗaya ma da aka harbe a kan matakala, sak ƙanen Hadiza. Ni na tafa.

Farfesa ya ce shi yana ɗan firamare aka fara gaya masa wannan magana, a ƙofar makaranta, kuma wata uwa ce ta gaya masa. Ya ce ya ji ta daga bakin mutane iri-iri, amma bai taɓa zaton zai tsallako teku ya ji ta daga bakin mace mai kama da gwaggonsa ba, da laima a hannu. Sai ya yi dariya, 'yar kaɗan. Na ji sanyi a raina, na ce an wuce wurin, yanzu zai ɗauko biro.

Bai ɗauko ba. Ya juya ga surukina ya yi magana mai tsawo, ina ganin fuskar yaron tana canzawa. A mota ne, bayan mun yi nisa, ya gaya min ba tare da ya waiwayo ba. Farfesa ya yafe, matarsa ma ta yafe, har ta ce a mayar mata da kwanonta in da sauran nama. Amma ya ce littafin bai cika ba. An rubuta abin da masu fim suka shirya, ba a rubuta yadda yake kama mai kallo ba, ga shi kuwa misali ya taka da ƙafarsa ya zo ofis. Sai an ƙara babi guda, a nemo masu kallo a tambaye su, a fara da ni. Sa hannu sai bayan sanyi.

Da aka yi arba'in ni kaɗai na hau jirgi. Na sauka Funtuwa ba 'ya ba jika, matan unguwa suna tambaya ina cewa karatun ne ya ƙaru, kuma ban yi ƙarya ba. Sai da jikata ta fara rarrafe sannan suka dawo. Surukina ya zo gaisuwa da littafin a hannu, ƙato mai baƙin bango, ya ajiye a gabana don girmamawa. Na sa Hadiza ta nemo min inda nake. Ta buɗe ta karanta, ta fassara. Shafi goma sha ɗaya aka yi a kaina, har da laimar. Ba a sa sunana ba, wai don sirri. An rubuta wata tsohuwa daga arewacin Najeriya.

Abin da na koya dai shi ne, in zan ari magana a bakin da ba nawa ba, fuskar wanda aka gaya wa zan duba, ba ta mai faɗa ba, kuma in na ga mace tana kuka zan tambaya kukan mene ne. Wannan na karɓa, na jawo wa kaina. Amma wata tsohuwa? Shekaruna hamsin da ɗaya a lokacin, haƙorana duk suna nan. An buga, an ajiye a ɗakin karatu na jami'a, 'ya'yan Turawa suna ɗauka suna karantawa. Wannan kam ban yafe ba.